Gidan Mai Kiwo Idan Ya Shiga Kasuwa

[Kiɗan buɗe shiri]

Yaya iyali, yaya kuma dabbobi, tunda yau da su za mu yi. Maganarmu a kan gidan da aka yanke shawarar sayarwa ce, gidan da kuma ake kiwo a cikinsa. Ko rabon gado ne ya kawo sayarwar, ko canjin wurin aiki, ko iyali sun yi yawa ana neman inda ya fi faɗi, ko wata lalura ce ta taso, hanyar ɗaya ce: za a kira dillali, dillali zai kawo baƙi, baƙin kuma za su bi gidan lungu-lungu da idonsu da hancinsu.

A ƙasar Hausa da wuya ka shiga gida ka rasa mai rai bayan mutane. Ga tunkiyar uwargida da 'ya'yanta, ga rago a turke ana jiran layya, ga kaji da zabi a tsakar gida, ga tattabarun samari a saman ɗaki. Kyanwa kuwa ba a ma lissafa ta, ita ke kawo kanta. A manyan unguwanni irin su Nasarawa a Kano, ko Unguwar Rimi a Kaduna, ko Filato a Yamai, za ka tarar da karen gadi ɗan ƙasar waje, da aku a keji, da zomaye, wani gidan har da doki. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan, maganar ta shafe shi. Ni ba na cikin masu cewa kiwo a gida ƙazanta ne. Kiwo rufin asiri ne, da shi mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Sai dai abin da ya rufa wa mai gida asiri yana iya zama dalilin da mai saye zai rage tayi, ko ya fita bai waiwayo ba.

Bari mu fara da abin da ya fi wuyar karɓa. Maigida, kowa zai riga ka jin warin gidanka. Ba zagi ba ne, haka Allah Ya halicci hanci. Idan wari iri ɗaya ya daɗe yana shiga, ƙwaƙwalwa sai ta daina kula da shi, don ta saurari sabo, irin na hayaƙi ko na abincin da ya lalace, wanda jinsa ke tsare rai. Wanda ya shekara goma da awaki a tsakar gida zai rantse maka gidansa ba ya zarni, kuma ba ƙarya yake yi ba, hancinsa ne ya saba. Baƙon da ya sako ƙafa daga zaure kuwa, numfashin farko ya gaya masa komai. Kuma kun san mu da kara. Ba zai ce, Alhaji gidanka na wari ba. Zai ce gida ya yi kyau, Allah Ya sa albarka, zan yi shawara da 'yan'uwa. Daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa. Wanda ya fi shi iya ciniki kuma zai yi shiru, ya zaftare kuɗi mai yawa daga tayinsa, ya ce wai unguwar ce ta yi nisa da titi.

Don haka kafin ka kira dillali, kira wanda ba ya jin nauyinka. Yayarka da ke aure a wata unguwa, ko abokin ƙuruciya, wanda dai ba ya kiwo a nasa gidan. Ka ce: Yaya, shiga ko'ina ki gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Ta zo da sassafe kafin a yi shara, ko bayan an yi yayyafi, ta shiga ɗakunan da suka kwana a rufe. Duk inda ta yamutsa fuska, sa alama da gawayi, nan aikinka yake. Ka kuma ba kanka lokaci, wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin baƙon farko ya shigo, domin wasu ayyukan da za mu ambata ba sa yiwuwa cikin mako guda.

Daga ina zarnin yake fitowa? Fitsarin dabba yana ɗauke da yuriya, sinadarin nan dai da manoma ke saye a buhu su zuba wa masara. Sabon fitsari ba shi da wari sosai. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ne ke farfasa yuriyar su mayar da ita amoniya, iskar nan mai hawa kai, mai sa ido hawaye a garken da aka daɗe ba a kwashe ba. Ruwan fitsarin yana bushewa, gishirinsa kuwa yana nan a ƙasa da bango. Siminti duk da ƙarfinsa yana shan ruwa yadda sabuwar randa ke sha. Akuya ta shekara biyar tana fitsari a lungu ɗaya, abin ya shige can ciki, wankin sama ba zai kai gare shi ba. Da rani, iska a bushe, zarnin yakan kwanta. Da ruwan farko ya sauka, danshi ya narkar da gishirin, sai ya taso sabo fil. Wanda ya sayi gida a watan Fabrairu yana murna, shi ne zai dawo da ƙorafi a watan Yuli.

Idan turken a kan ƙasa yake, aikin ba shi da sarƙaƙiya, ƙarfi kawai yake so. A fitar da dabbobin tukuna. A kankare takin gaba ɗaya, sannan a haƙe ƙasar da ke ƙarƙashinsa har a wuce inda ta yi baƙi tana danshi, a iske ƙasa mai kalarta ta asali. A bar ramin a buɗe rana ta buge shi kwanaki, a barbaɗa toka, a cike da sabon yashi ko burji, a daɓe. Abin da aka haƙo kuma ba shara ba ne, kuɗi ne. Tun zamanin kakanni manoman da ke kewaye da birnin Kano suke shigowa da jakuna da mangala suna kwasar takin gidaje zuwa gonaki, yanzu kuma da kura da akori-kura ake yi. Ka yi magana da mai lambu ko manomi, sau da yawa zai kwashe maka da kansa. Sai a kiyaye: a yayyafa ruwa kafin a fara haƙa don kada ƙura ta tashi, masu aiki su sa takunkumi, mai juna biyu da ƙananan yara su nisanci wurin. Ƙurar garken tumaki da awaki, musamman inda suke haihuwa, tana iya ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi mai zafi, kuma tana da haɗari ga mai ciki.

Idan daɓen siminti ne, a wanke da ruwa mai yawa da omo da buroshi mai ƙarfi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, a sake. Bayan haka ruwan khal da aka sirka yana taimakawa, domin tsaminsa na karya amoniya. A shagunan kayan dabbobi na manyan birane akwai ruwan wanki da aka yi musamman don cinye ragowar fitsari. Wanda ya samu ya jiƙa wurin sosai, ya bar shi ya tsumu. Ga gargaɗi, don Allah uwargida a saurara: kada a kwarara Hypo ko Jik kai tsaye a kan fitsarin da ya taru, kada kuma a haɗa su da ruwan khal. Duka haɗin biyu suna tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, balle a ɗakin da babu taga. A wanke da sabulu tukuna, a ɗauraye sosai, in za a sa su a sa su su kaɗai. In an yi duk wannan zarni bai tafi ba, to simintin ya ƙoshi, a kira birkila ya fasa ya sake. Haka gindin bango: inda filasta ta kumbura tana marmashewa, a sassaƙe ta har a kai ga bulo, a sake yaɓe, a jira makonni ta bushe kafin fenti. Fentin da aka shafa a ɗanyen bango ba ya daɗewa zai ɓamɓare.

Zarnin kyanwa ya fi na kowa naci, musamman muzuru, wanda ke fesa fitsari a bango da labule da ƙafar kujera don sauran muzurai su san nan yankinsa ne. Idan abin ya taɓa kafet ko ledar ɗaki ko katifa, shawarata a naɗe a fitar, a wanke daɓen da ke ƙasa. Kuɗin sabuwar leda bai kai abin da za a rage maka a ciniki ba. Sannan a lura, Izal da Dettol da danginsu suna cutar da kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa su. Ta taka inda aka zuba, ta lashi ƙafa, shi ke nan ta kwanta ciwo. In an wanke ɗaki da su, a hana ta shiga sai ya bushe sarai.

Akwai abin da masu sayarwa kan manta: mai saye zai yi salla a gidan nan, matarsa za ta shimfiɗa dadduma a ɗaki da tsakar gida. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta, kamar tunkiya da akuya, ba najasa ba ne muddin ba ƙazanta take ci ba. Na kare da na kyanwa kuwa najasa ne. Shi kansa karen mai rai malaman Malikiyya ba su ɗauke shi najasa ba, amma hakan bai hana mutane da yawa ƙyamar ɗakin da kare ya kwana ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Don haka in an tambaye ka ko kare ya taɓa zama a gidan, faɗi gaskiya, ka nuna inda yake kwana da abin da ka yi na tsabtace wurin. Mai neman ƙarin bayani ya je ga malaminsa, ni iyakata tuni.

To ga gundarin maganar. Akwai gyara, akwai ɓoyewa, kuma daga waje suna kama da juna. Mutum biyu duk sun yi fenti, duk sun sa turare. Na farko ya haƙe turke, ya sake filasta, sannan ya yi fenti. Na biyu ya shafe ruɓaɓɓen bango da fenti ana gobe baƙi za su zo, ya turnuƙe gidan da turaren wuta, ya jera buhuna a kan daɓen da ya lalace. Na biyun algus ya yi, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba. Littattafan fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun yi bayani a kan wannan: ɓoye aibi a ciniki bai halatta ba, wanda kuma ya sayi gida ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba yana da damar komawa kan mai sayarwa, ko a rage masa kuɗi ko a warware cinikin, gwargwadon girman aibin. Ko ta fuskar kasuwa ma dabarar ba ta ci. Wanda ya saba sayen gida, da ya shiga ya ji turare ya yi yawa da rana tsaka, abin da zai fara tambayar kansa shi ne: me ake rufewa? Turaren wuta abu ne mai kyau, al'adarmu ce, a sa shi daidai yadda aka saba kullum. Abin da ya fi shi aiki shi ne buɗe tagogi tun kafin baƙi su iso. In kuma akwai abin da ƙarfinka bai kai ka gyara ba, kama hannun mai saye ka kai shi wurin: Malam, nan tumaki suka zauna shekara da shekaru, gindin bangon nan yana son birkila, na rage maka kaza saboda shi. Wanda ka nuna wa aibi da hannunka yakan yarda da sauran maganarka.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda mai kiwo zai shirya gidansa kafin ya sayar. Mun gama da wari, yanzu sai ƙwari.

Ga abin da ke faruwa, kuma ya sha ɓata ciniki. Maigida ya tashi da iyalinsa da karensa da kyanwarsa, an share gida an kulle, an ba dillali makulli. Bayan wata guda dillali ya kawo mai saye da matarsa. Kafin su gama zagaya ɗakuna ƙuma ta rufe musu ƙafafu. Maigida ya ji labari ya riƙe baki, shi da ya zauna shekaru ƙuma ba ta dame shi ba. Dalili shi ne, ƙumar da kake gani a jikin dabba kaɗan ce daga abin da ke gidan. Ƙwayayenta suna zubowa daga gashin dabbar su faɗa tsagar daɓe, ƙarƙashin kafet, cikin yashi. Su ƙyanƙyashe su zama 'yan tsutsotsi, tsutsar ta naɗe kanta cikin ɗan kwanso, kuma a cikin kwanson nan tana iya yin watanni tana jira. Abin da ke tashinta shi ne motsin tafiya da ɗumin jiki da numfashi. Lokacin da dabba ke gidan, ita suke hawa. Da aka ɗauke ta, duk wanda ya fara shigowa shi za su far wa.

Kaskar kare, jar nan, ita ma tana iya yin rayuwarta duka a cikin gini. Macen in ta ƙoshi da jini sai ta sauka, ta hau bango, ta shige tsaga ko bayan katakon taga ta zuba ƙwai dubbai. A akurki kuma akwai kaskar kaji da wasu mitsi-mitsin ƙwari jajaye da ke fitowa da dare su sha jini, da rana su ɓuya a tsagar katako da bango. Waɗannan suna jure yunwa wata da watanni bayan an kwashe kajin.

Maganin sai an haɗa biyu lokaci guda, dabba da gida. Dabbar a kai ta wurin likitan dabbobi, shi zai zaɓi abin da ya dace da ita, domin cikin magungunan da ake sa wa kare akwai masu kashe kyanwa. Gidan kuma a share tsaf, tsummokaran da dabba ke kwanciya a kai a wanke da ruwan zafi ko a ƙone, a toshe tsagogi da siminti, tsohon akurkin katako a fitar da shi gaba ɗaya. Sannan a kira masu feshi da suka san aikinsu, a kuma maimaita bayan mako biyu, saboda feshin farko ba ya ratsa kwanson nan da muka ambata. Ina roƙon jama'a a bar yayyafa Sniper da fiya-fiya a ɗakin kwana. Maganin gona ne mai ƙarfi, haɗarinsa ne ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni. Gidan da za a yi wa feshi, mutane da dabbobi su fita, a kwashe kwanon ruwa da na abinci, kada a dawo sai iska ta ratsa.

Tattabaru suna da nasu babin. Kashinsu in ya taru a kan kwano yana cin sa ya sa tsatsa, yana toshe indararo, in kuwa sun samu kafa sun shiga cikin silin, to warin ɗakin daga sama yake saukowa ana ta nemansa a ƙasa. Busasshen kashin tattabara yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shiga ta huhu, ta fi kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka a jiƙa shi kafin a kankare, a sa takunkumi da safar hannu. Babbar matsalar dai ita ce tattabara ba ta rabuwa da inda ta saba. Ka kai ta wata unguwa ka sake ta, kafin magariba tana kan tsohon ɗakinta. Sai ka ga yaro yana sallama a gidan da yanzu ba nasu ba, yana neman a bar shi ya hau sama ya kamo, sabon maigida kuma ransa na ɓaci. A kwashe su tun da wuri, a rufe su makonni a sabon wuri har su saba da ci da kwana a can, in sun yi ƙwai ma ya fi. Tsofaffin da suka ƙi zama a sayar wa mai nisa ko a yanka; 'yan shilar da ba su fara tashi ba su ne ke saurin karɓar sabon gida. A tsohon gidan kuma a sauke tukwane da gwangwanayen da suke kwana a ciki, a toshe kafofi.

Sauran ɓarnar ƙanana ce, yini ɗaya da kafinta da mai gyaran wuta ya isa: ƙofar da kare ya kakkarce, ragar taga da kyanwa ta yage, wayar da zomo ya gwaigwaye. Rariya da kwata a yashe su, gashi da dusa da harawa ne ke toshe su. Rijiya ce kaɗai zan ɗan tsaya a kai. In turke ya daɗe kusa da bakinta, a yashe ta, a ɗaga mata baki, a sa murfi, a kuma gaya wa mai saye, domin ruwan da yaransa za su sha ne.

Sai ranar da za a zo dubawa. Ka ƙulla da dillalinka tun farko cewa ba a kawo kowa sai an kira ka. Ka ce: Malam, ko awa biyu ne ka ba ni, akwai kare a gidan. Dillalin kirki zai yi murna da haka, shi ma la'adarsa yake karewa. Mafi alheri kare ya bar gidan gaba ɗaya a lokacin, yaro ya fita da shi, ko a kai shi gidan ɗan'uwa. In bai yiwu ba, a kulle shi a kejinsa, a sa kwaɗo, a gaya wa baƙi tun a ƙofa. Kada ka ce ai ba ya cizo. Ku 'yan gida ne ba ya ciza. Yana ganin baƙi sun cika wurinsa, ana buɗe ƙofofi, an kwashe kayan da ya sani, hankalinsa a tashe yake, mai sanyin hali ma yana iya kai hari. Wanda kuma ke tsoron kare ba zai tsaya duba girman falo ba, hanyar fita yake nema.

A duba katin rigakafinsa, in lokacin allurar ciwon haukan kare ya wuce a sabunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Allurar tana samuwa a asibitocin dabbobi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ma tana yin ta. In tsautsayi ya sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti nan take. Kada a tsaya ga ban haƙuri da shafe-shafe.

Yanzu kafin mutum ya tako ƙafarsa ya riga ya ga gidan a waya, dillali ya tura masa hoto da bidiyo ta WhatsApp ko ya sa a Facebook. Kafin a ɗauka a kawar da kwanon dusa da damin harawa da igiyoyi. Wannan ba ɓoyewa ba ne, tunda za ka gaya masa an yi kiwo. So ake ya hango inda zai ajiye nasa kayan. Amma ka dubi wanda ke saye. A unguwanninmu na cikin gari mutane da yawa kiwon suke son yi, kuma rumfar dabbobi mai tsabta, mai daɓe da magudana, nesa da ɗakin girki, tana ƙara wa gida daraja a idonsu. Kada ka yi gaggawar rushe mai kyau. Wanke ta, ka shafe ta da farar ƙasa, ka bar ta ba komai a ciki, shi ya ga abin da zai yi da ita.

To ina dabbobin za su? Nan nake son maigida ya sassauta murya ya zauna da iyalinsa. A gidaje da yawa tumakin da awakin ba nasa ba ne, na uwargida ne, ko na yara, ko na tsohuwa, wasu ma amana ce aka ba da kiwo. Ba daidai ba ne a wayi gari a ce an kira masu saye daga kasuwar 'Yan Awaki saboda za a nuna gida. A yi shawara: wanne za a sayar, wanne za a kai ajiya, wa zai ɗauki nauyin abincinsu. In layya ta kusa, a daidaita lokacin, a sayar da raguna da daraja, sannan a shiga aikin turke. Wanda za a kai ajiya ƙauye ko gidan ɗan'uwa, kada a haɗa shi da garken can ranar farko. A ware shi mako biyu zuwa uku ana lura, saboda annobar tumaki da awaki mai sa majina da zawo, da annobar kaji da ke yawaita da hunturu, ta wannan hanyar suke shiga garke. Taimako ka je nema, kada ka bar wa ɗan'uwanka asara.

Abin da ya fi damuna shi ne kare da kyanwa, su da ba kasuwa ake kai su ba. Sau nawa ake kwashe kaya, a kulle gida, a bar kyanwa a ciki da 'ya'yanta, ko a kwance kare a kora shi titi? Dabbar da ta saba a ba ta abinci ba ta iya neman na kanta dare ɗaya. Karen da aka kora yana komawa ƙofar gidan ya kwanta, ya tsorata sababbin masu gida, yara su jejjefe shi, ƙarshe ya shiga cikin karnukan bola inda ciwon hauka ke yawo. Duk ɗalibin hadisi ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, yana cikin Bukhari da Muslim. In sabon wurinka ba zai ɗauke su ba, gidan haya ne ko bene, fara nema musu mai riƙo tun ranar da ka yanke shawarar sayarwa: mai gadi, mafarauci, mai gona, mai shagon hatsi da ɓera ya dama. Ka ba da su tare da katin allurarsu. Ranar tashi kuma a bi ɗaki-ɗaki, a leƙa silin da sito da bayan tanki kafin a sa kwaɗo.

In da su za ka tafi, kyanwa a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, kada a riƙe ta a hannu cikin mota. A sabon gida a rufe ta ɗaki ɗaya da abincinta da ruwanta da yashinta, mako biyu ko uku kafin a bar ta ta fita, in ba haka ba tsohon gida za ta nufa, balle in unguwar ba nisa. Kare a zagaya da shi wurin da igiya, a ci gaba da ba shi abinci a lokacin da ya saba.

Sai kuma abin da aka yi da baki, a sa shi a takarda. Ranar da aka sallama, aka karɓi kafin alƙalami a gaban shaidu da mai unguwa, a rubuta ranar da dabba ta ƙarshe za ta bar gidan. A rubuta ko rumfa da keji da tankin ruwansu suna cikin ciniki ko cirewa za a yi. A rubuta aibin da aka nuna da abin da aka rage saboda shi, da wanda zai biya feshi na biyu in ranarsa ta faɗo bayan an miƙa makulli. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Batun takardar mallaka da sauya suna a ofishin filaye kuwa shiri ne mai zaman kansa, za mu kawo shi wani makon in Allah Ya kai mu.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya kan maganin ƙuma ko allurar rigakafi ya nufi asibitin dabbobi mafi kusa da shi.

[Kiɗan rufe shiri]